Yadda ake gina wa kare wurin wanka a gefen wurin wanki

Gidajen da ke ajiye kare sun ƙaru a biranenmu, musamman a sababbin unguwanni inda katanga ke da tsawo, maƙwabta kuma ke nesa da juna. Ana sayen karen da tsada, a gina masa keji, a biya likita kuɗin allura. Amma in ranar wanka ta zo, sai a ja shi zuwa daɓen da ake wankin tufafi, a ɗaure shi a jikin bututun famfo, a ɗauko bahon da aka jiƙa kayan yara a ciki jiya. Ruwan ya malale tsakar gida ɗauke da gashi da kaska, karen na zamewa yana haki, mai yi masa wankan ya jiƙe sharkaf. Da yake aikin wahala ne, sai a riƙa ɗaga shi daga mako zuwa mako, har jikin dabbar ya lalace. An cuci karen, an kuma cuci mutanen gidan, alhali maganin abin bai wuce ɗan gini mai faɗin tabarma ba.

A Amurka da Ingila, inda karnuka ke kwana cikin ɗaki tare da mutane, wasu gidajen kan keɓe lungu guda a ɗakin wanki su mai da shi wurin wankan kare. Dalilinsu na aiki ne: bututun ruwan sanyi da na zafi da magudana duk suna ɗakin tuni, kuma galibi ɗakin na dab da ƙofar baya, saboda haka karen da ya kwaso taɓo ba sai ya ratsa falo ba. Hujjar bututun ta hau kanmu mu ma, ko gidanka na da ɗakin wanki mai inji, ko kuwa daɓe ne kawai da famfo a bayan kicin. Sai dai mu maƙwabtaka muke so tsakanin wuraren biyu, ban da cuɗanya. Malaman Malikiyya, mazhabar da akasarinmu ke bi, ba su ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, ko da yake sun ce a wanke mazubin da ya sa baki ya sha a ciki sau bakwai. Shafi'iyya kuwa sun fi tsanantawa. Ko wace fahimta mutum ya riƙe, babu uwargidan da za ta so fallatsin wankan kare ya sauka a kan kayan salla da ke shanye. Don haka tun a tsari za a sa ƙaramar katanga tsakani, kuma baho da buroshi da tawul na karen su zama nasa shi kaɗai.

Kafin ka sayi ko bulo ɗaya, je ka tsaya a wurin ka duba inda ruwan zai tafi. Mutane da yawa daga famfo da launin tayil suke farawa. Kawo ruwa abu ne mai sauƙi, reshe ɗaya na bututu mai rabin inci ya wadatar, kuma in an yi kuskure ana iya gyarawa. Fitar da ruwa shi ne ainihin aikin, domin bututunsa a ƙarƙashin siminti yake, ranar da ya ba da matsala sai an fasa daɓe.

Nemo cembar da ta fi kusa, wadda ruwan wanki ko na banɗaki ke bi, ka ɗaga murfinta ka ga zurfin da bututu ke shiga. Bututun fitar da ruwa yana buƙatar gangaren santimita 2 a kowace mita, wato kwatan inci a kowace ƙafa, yadda masu aikin famfo suka fi ganewa. Idan tsakanin wurin da cembar mita 4 ne, kana buƙatar faɗuwar santimita 8, ban da zurfin lanƙwasar da za ta zauna ƙarƙashin rariya. In ba ka sami wannan faɗuwar ba, zaɓi biyu ne gare ka: ko ka ɗaga daɓen wurin wankan sama da sauran ƙasa, ko ka matsar da shi kusa da cembar. Kada ka yarda da maganar nan da ake yawan ji a wurin gini, wai ruwa zai nemi hanyarsa. Ruwa mai tsabta ne ke neman hanyarsa. Wanda ya ɗauko gashi da yashi da kumfa, a inda ya sami kwance nan yake sauke kayansa.

Faɗin bututun ya zama inci 2. Mai inci ɗaya da rabi, irin wanda ake sa wa kwamin wanke hannu, gashin kare zai toshe shi cikin ɗan lokaci. A rage gwiwoyi gwargwadon iyawa, inda kuma ya zama dole a juya, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi guda ɗaya mai digiri 90, saboda waya ko sandar bahaya na iya wucewa ta cikinsu. Ka ce a bar maka wani baki mai murfin murɗawa a waje, inda za a riƙa zura wayar ba tare da an taɓa tayil ba.

A ƙarƙashin rariyar dole a sa lanƙwasar nan mai riƙe ruwa, wadda masu aikin famfo ke kira tirap. Ruwan da ke kwance a cikinta, mai zurfin wajen santimita 5, shi ne ke tare wari da kyankyasai daga sokawe. Ita kanta rariyar a nemi mai ɗan kwando a ciki wanda ake cirewa da hannu. Wannan kwandon shi ne mafi arha a duk kayan aikin, kuma shi ne ke ceton bututun. Wanda ya taɓa yi wa karen Jamus wanka a lokacin da yake zubar da gashi ya san abin da ake kwashewa: curi guda, jiƙaƙƙe, cike da tafin hannu, wani lokacin sau biyu kafin a gama wankan.

Akwai wata matsala da ta shafi masu injin wanki. Injin na tura ruwansa waje da ƙarfi a cikin ɗan lokaci, kuma idan bututunsa ɗaya da na wurin wankan karen, ruwan da kumfar za su nemi baki mafi ƙasa su ɓullo, wanda kuwa shi ne rariyar da ka gina. Abin da ya fi shi ne kowanne ya bi bututunsa har cemba. In hakan ba zai yiwu ba, to mahaɗar ta kasance can gaba, a bututu mafi faɗi, tare da bututun shan iska da ya miƙe sama, don kada ruwan injin ya zuƙe wanda ke cikin tirap ya bar maka wari.

Daga cemba kuma sai ina? Ban yarda a saki wannan ruwan ya fita kwatar titi ba, inda yara ke wasa, kaji da awaki ke sha. Wani lokaci ruwan wankan kare na ɗauke da maganin kaska, irin su amitraz, wanda guba ne, yana kuma kashe kifi. Mai kiwon tarwaɗa a bayan gida ya kula da wannan sosai. Ruwan ya tafi sokawe, ita kuma sokawe ta yi nesa da rijiya da aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a kai mita 30.

Sai batun girma, wanda karen ne zai faɗa maka. Auna shi yana tsaye, daga hanci zuwa gindin wutsiya, ka ƙara santimita 30. Namijin karen Jamus kan kai kilo 30 zuwa 40, tsayinsa a kafaɗa santimita 60 zuwa 65, kuma cikin wuri mai faɗin santimita 90 da tsawon 120 zuwa 150 zai iya juyawa. Manyan nan na Afirka ta Kudu da ake kira Boerboel sukan haura kilo 60, su kam sai an ƙara. In ɗan kwikwiyo ne gare ka, auna uwarsa ko ubansa.

Iri biyu ake ginawa. Akwai mai tudu, kamar kwami a kan ƙafafu, wanda mutum ke aiki a tsaye ba tare da ya sunkuya ba, akwai kuma na ƙasa, wanda karen ke shiga da ƙafarsa. Mai tudu ya dace da ƙananan karnuka masu yawan gashi waɗanda ake ɗauka a hannu. Amma a ganina, ga yawancin gidajenmu na ƙasa ne daidai. Babu mai cicciɓar jiƙaƙƙen kare mai kilo 35 yana mutsu-mutsu ba tare da ya ji wa bayansa ciwo ba, kuma kare in ya tsufa ƙugunsa ba ya son hawa. Ƙaramin kare kuwa ana iya ɗora shi a kan ɗan benci a cikin na ƙasa. Mai wankan ya samo kujera 'yar tsugunno ta roba, shi ke nan.

Katanga uku za a yi, gaba a buɗe. Idan lungu ne, biyu suna nan tuni, sai a ƙara ta ukun a ɓangaren da ke kallon wurin wanki. Layi biyar na bulo mai inci 6 ya kai wajen mita 1.2, wanda ya isa ya tare yawancin fallatsin da kare ke yi in ya girgije. A bakin shiga a ɗora ɗan dakali mai tsayin santimita 10, ya hana ruwa fitowa ba tare da ya zame wa karen abin tsallake ba.

Daɓen shi ke buƙatar idonka, don haka ranar da za a zuba shi kada ka fita. Bayan an kwantar da bututu an gwada shi da ruwa, a zuba kankare, sannan a bi shi da kwaɓin siminti mai ƙarfi, buhu ɗaya a kwanon sarki shida na yashi mai kaifi, a haɗa da garin nan mai hana ruwa ratsawa bisa awon da aka rubuta a jikin ledarsa. A wannan kwaɓin ake fitar da gangare, santimita 2 a kowace mita, daga ko'ina zuwa rariya. Ita rariyar ta fi kyau a kusurwar ciki, domin karnuka da yawa ba sa son taka ƙarfe mai huji, kuma in tana tsakiya karen ne zai tsaya a kanta ya tare ruwan. Magini ya ɗora lebur a gabanka ta kowace fuska. A mahaɗar daɓe da bango kada a bar kusurwa mai kaifi, a cike ta da kwaɓi a shafe ta ta lanƙwashe. A yi wa bangon filasta da irin wannan kwaɓin, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7.

Idan ya bushe, a shafa masa maganin hana yoyo na fenti, hannu biyu, na biyun a gicciye da na farko, daga daɓe har saman katangar. Wannan ya fi zama wajibi in bayan bangon ɗakin kwana ne ko sito, ko kuma wurin a saman bene yake. Mai tayil zai iya ce maka, Alhaji, ai tayil ba ya shan ruwa. Gaskiyarsa ta tsaya a kan tayil ɗin. Layukan da ke tsakaninsa suna sha, kuma ta nan danshi ke shiga bulo har ka ga fenti na kumbura a ɗaya gefen.

Kafin a manna tayil ko guda, yi gwaji. Toshe rariyar da leda da tsumma, cika wurin da ruwa har kusa da bakin dakalin, ka ja layi da fensir daidai inda ruwan ya tsaya. Ajiye bokiti da ruwa a gefe, shi ma ka ja masa layi. Bayan awa 24 ka dawo ka gwada su. Idan sun sauka daidai da juna, iska ce da zafi suka sha. Idan na daɓen ya fi sauka, akwai yoyo, kuma yau ne gyaransa ke da arha. Bayan nan buɗe rariyar ka tsaya ka kalli yadda ruwan ke tafiya. Duk inda ya bar ɗan tafki, zagaye wurin da alli ka nuna wa magini.

Tayil ɗin ƙasa ya zama marar sheƙi, mai kaushi a hannu. Ƙanana masu faɗin santimita 5 sun fi bin gangare, yawan layukansu kuma na ba ƙafa abin riƙo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa daga cikin karnukan da ake cewa suna tsoron ruwa, santsi suke tsoro. Ka lura da kare a kan tayil mai sheƙi da kumfa: yatsunsa a baje, faratansa na karta, ƙafafun baya na rawa. Ka shimfiɗa masa tabarmar roba mai huji, sai ka ga jikinsa ya saki. In kuɗin tayil ya gagara, daɓen siminti da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye ya wadatar, muddin ba a goge shi ya yi sumul ba. A bango kuwa manyan tayil masu santsi sun fi, don sauƙin wankewa.

A cike kowane layi tsaf, a kusurwoyi kuma a sa silikon maimakon farin siminti, wanda ke tsagewa a irin wuraren nan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa kaska ce mai shigar. Kaskar kare mai ruwan ƙasa ta iya zaman gida: macen in ta ƙoshi da jini sai ta saki jikin karen, ta hau bango, ta sami tsaga ta zuba dubban ƙwayaye. Gidan da ake ta yi wa kare magani kaska na dawowa, a duba bangon kejinsa da na wurin wankansa. Ita ce kuma ke ɗauke da cututtukan da ke cinye jinin kare har dasashinsa ya yi fari.

Kafin tayil ɗin bango a kafa zobba biyu na ƙarfe marar tsatsa, a dasa su cikin bulo sosai, ɗaya daidai kafaɗar karen, ɗaya a bangon da ke kallonsa. Igiyar ɗaurin ta zama gajera, a jikin abin wuya mai faɗi. Ban da sarƙar nan mai shaƙewa in an ja. Kuma kada a taɓa barin kare a ɗaure shi kaɗai a wurin, ko da na ɗauko sabulu ne, balle in mai tudu ne, inda tsalle ɗaya zai bar shi a rataye.

Famfon a kafa shi sama, wajen mita 1 daga ƙasa, kusa da bakin shiga, yadda hannunka zai kai ba tare da ka ratsa ta kan karen ba. Shawar da ke kafe a sama ba ta da amfani a nan. Ta hannu ake so, mai tiyo mita 1.5 zuwa 2 da maɓallin tsayar da ruwa, domin ciki da hammata da tsakanin yatsu ne suka fi buƙatar ɗauraya. Gidan da ke shan ruwan tanki ya san ƙarfin ruwansa daga tsayin tankin yake zuwa, kowace mita 10 tana ba da wajen bar 1 a ma'aunin matsi, saboda haka tankin da ke mita 4 sama da famfo ƙarfinsa kaɗan ne. Nemi kan shawa mai manyan huji, ko ka yi amfani da tiyo zalla. A sa masa maratayi a bango, kada bakinsa ya kwana cikin ruwan datti, domin in ruwan famfo ya ɗauke bututu kan zuƙo abin da ke bakinsa.

Zafin jikin kare digiri 38 zuwa 39 ne, ruwan wankansa kuwa mai ɗumi-ɗumi ake so, wanda ba ka jin zafinsa a cikin wuyan hannunka. Da bazara, ruwan baƙin tanki da azahar yana iya ƙona fata, don haka a yi wankan da safe, a kuma bar ruwan farko ya zube. Da hunturu a bari hantsi ya ɗaga, a sirka ruwan. In akwai hita a ɗakin wankin, ja reshe daga gare ta zuwa famfo mai gauraya zafi da sanyi. In babu, bokitin ruwan ɗumi da moɗa sun isa.

Wuta ba a yi mata sakaci a inda mutum ke tsaye cikin ruwa. Babu soket a cikin katangun nan uku. Na injin wanki da na hita su kasance sama, a bayan katangar tsakani, kuma mai aikin wuta ya sa wa layin na'urar nan mai katse wuta da zarar ta fara zurara, mai awon miliamfiya 30, ya kuma tabbatar wayar ƙasa ta hitar na aiki. Wayar jan wuta da ake shimfiɗawa a ƙasa ba ta da gurbi a wannan ɗaki.

Idan wurin a cikin ɗaki yake, yana buƙatar taga ko fankar fitar da iska, saboda danshi da kuma warin magani. Sannan a tanadi inda karen zai bushe, daɓe mai tsabta da rana ke taɓawa, domin jiƙaƙƙen kare in an sake shi, turɓaya yake nufa ya yi birgima. Akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a yashin inuwa da fitsari ya ɓata, ko a jikin tufafi masu laima, tsutsarsa ta huda fata ta zauna ciki kamar maruru. Da damina ya fi yawa, karnuka yake fi kamawa, yana kuma kama mutane. Saboda shi ne igiyar shanya ya kamata ta yi nesa da kejin kare, tawul ɗin karen a shanya shi a rana tsantsa, tufafin mutane kuma a bi su da guga.

'Yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka, inda a gidaje da yawa bangon ciki katako ne da allon farar ƙasa, su sani ba a manna tayil ɗin wurin ruwa a kan wannan allon. Sai an sa allon siminti da shimfiɗar hana yoyo, kuma taɓa bututun gida a can yakan buƙaci izinin hukuma. Ɗan haya, ko a can ko a nan, ya fara neman yardar mai gida, ko ya sayi bahon wankan kare na roba mai ƙafafu, wanda tiyonsa ke zuba cikin rariyar da ke akwai.

Ranar farko kada a buɗe ruwa. A shigar da karen, a ba shi ɗan nama, a shafa shi, a fito da shi. A maimaita haka kwana biyu ko uku, sannan a fara da jiƙa ƙafafu. Ranar wanka sosai, a taje shi tukuna yana bushe, domin gashin da buroshi ya kwashe ba zai je rariya ba. A sa masa auduga a bakin kunne, a fara daga wuya zuwa baya, fuska kuma da jiƙaƙƙen tsumma a ƙarshe. Omo da sabulun wanki da magungunan wanke banɗaki ba na jikin kare ba ne, suna busar da fatarsa su jawo ƙaiƙayi. A nemi sabulun karnuka, a kuma ɗauraye har ruwan ya fito garau. Lafiyayyen kare wanka ɗaya a wata ya ishe shi, sai in likitan dabbobi ya ce a ƙara. Maganin kaska na jiƙawa kuwa, likita ne zai faɗi awonsa, a sa safar hannu, a buɗe taga, kuma mai ciwon suga ya bar wa wani haɗa amitraz. Karen da ke da saurin kai cizo a sa masa takunkumi. Wanda tsautsayi ya sa aka ciza ya wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin famfo na minti 15, ya wuce asibiti a ranar, ko da an yi wa karen allurar ciwon hauka.

Bayan kowane wanka a cire kwandon rariya a juye gashin a leda, a watsa wa bango ruwa, a jingine tabarmar robar ta tsane. In an yi makonni ba a yi amfani da wurin ba, musamman da hunturu, ruwan tirap kan ƙafe wari ya taso, sai a riƙa zuba masa moɗa ɗaya duk mako. Sau ɗaya a shekara, kafin damina ta sauka, bi layukan silikon da yatsa, duk inda ya ɗago ko ya yi baƙi a kankare shi a sa sabo, a bar shi ya kwana ba a taɓa shi da ruwa ba.